XDJ-700 ta ƙi karanta filas

Ɗan Samaru: Salamu alaikum 'yan uwa. Na sa filas a na'urar kiɗan DJ, Pioneer XDJ-700, ko waƙa ɗaya ba ta nuna ba, ga biki ranar Asabar a Tudun Wada. Ina matsalar take?

Na Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Da alama tsarin fomatin filas ɗinka NTFS ne, ita kuwa na'urar tsarin FAT32 take karantawa. Kwashe waƙoƙin, ka yi masa fomatin zuwa FAT32, sannan ka tura su ta manhajar rekordbox don ta auna BPM, wato saurin bugun kiɗa. Nemi mai 32GB, wanda ya fi haka Windows kan ƙi mai da shi FAT32.

Na Kwangila: Malam, wayar sauti ta RCA a ramin LINE za ka soka jikin mikisa, ba na PHONO ba, kar sauti ya fashe. In janareta ne, don Allah sa sitabilaiza tukuna.