Neman shawara: tsara wa yayanmu taimako bayan shanyewar ɓarin jiki

'Yar Fagge:
Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan da hawan jini ya shanye wa yayanmu ɓarin jikinsa na dama. Magana ta dawo masa, yana kuma takawa da sanda, amma har yanzu ba ya iya ɗaure mazagin wando ko ɗaga buta da wannan hannun. Matarsa ce kaɗai take ɗawainiya da shi dare da rana ga yara huɗu, shi kuwa ya dage sai ya koma shagonsa na yadi a Kantin Kwari, yayin da wasu dangi ke cewa a mayar da shi gidan Hajiya ya huta. Yaya za mu tsara taimakon yadda zai ɗore?

Ma'aikacin Gashin Ƙashi:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. 'Yar'uwa, ku fara da zama da shi kansa, domin burin komawa shagon nan shi ne zai sa ya jure wahalar atisaye. Ku bi yininsa tun daga alwalar asuba har kwanciya, ku rubuta abin da yake yi da kansa, da wanda sai an ɗan tallafa masa, da wanda dole a yi masa. Duk abin da zai iya, ko da zai ɗauki minti 20 yana fama da maɓallin riga, a bar shi ya yi, saboda hannun da aka daina mora sandarewa yake yi. A sa masa masai na zama da ƙarfen riƙewa a bango, a ɗinka masa wando mai roba, kuma kada a tsayar da maganin hawan jini don an ga sauƙi. Bayan wata uku a sake duba takardar tare da likitansa.

Baba Mai Ritaya:
'Yata, mun yi jinyar ƙanena, kuma kuskurenmu shi ne kowa ya ce zai taimaka ba tare da an ce wane ne zai zo ranar Talata ba, har matarsa ta kwanta ciwo. Ku rubuta suna da rana da aiki: mai kai shi asibiti, mai sayen magani, da namijin da zai taya shi wanka. Ku ware wa matarsa yini guda na hutu a mako. Katin bankinsa da lissafin shagonsa kuma su zauna a hannunsa, tunda hankalinsa kalau yake.

Malama Mai Keke:
Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta gyara gine-ginen jama'a yadda irinmu za su iya shiga, amma matakala da cunkoso suna nan a kasuwanni. Saboda haka ku je ku duba hanyar shagon tukuna, ku daidaita da mai adaidaita sahu guda amintacce, sannan ya fara da kwana biyu a mako, da hantsi, tare da yaron shago mai sauko masa da yadi.