Rashin nasara a wasan farko: shawarar da aka ba wani mai goyon bayan ƙungiyar besbol

Mutumin ya zo da zafi, ƙungiyarsa ta sha kashi a wasan buɗe kaka, shi kuma so yake a sallami koci nan take. Kusan kowa ce masa ya yi ya kwantar da hankalinsa.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce tsawon kakar. A babbar gasar besbol ta Amurka kowace ƙungiya na buga wasa 162, to ina wasa ɗaya zai kai? Wani ya tuna masa da New York Yankees na 1998: sun faɗi wasanni uku na farko a jere, suka ƙare da nasara 114, suka ɗauki kofin World Series, wato kofin zakarun gasar. Washington Nationals ma a 2019 ƙungiyar New York Mets ta doke su 2-0 a ranar farko, amma Nationals ɗin ne suka zama zakaru.

Shawarar da ta fi min ma'ana ita ce ya daina kallon sakamako, ya sa ido kan masu jifa, wato 'yan wasan da ke jefa ƙwallo ga mai bugu na abokan hamayya. Masu jifa bi da bi suke fara wasanni: a ranar farko kowa gwaninsa yake fitarwa, sai an zagayo kan mai jifa na huɗu da na biyar ake gane ƙarfin ƙungiya. Wasu suka ce ya jira ƙarshen watan Mayu tukuna.