Neman shawara: mu jira Poli, ko in biya makarantar da ba ta neman JAMB?

Wata uwa daga Rigasa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Mahaifin yarana ya rasu shekara 4 ke nan, da ɗinki nake rufa mana asiri. Babban ɗana ya gama sakandare bana, kuma ya ci Turanci da Lissafi da Fiziks. Tun yana ƙarami hannunsa ba ya rabo da waya da sukundireba. Fankar ɗakina da ta mutu, shi ya kwance ta a kan tabarma, ya jera kusoshinta a murfin kwano, ya mayar da ita, har yau tana juyawa. Burinsa ya karanta fannin lantarki a Kaduna Polytechnic, amma makinsa na JAMB bai yi yawa ba, kuma sunansa bai fito ba tukuna. Jiya kawunsa ya kawo takardar wata makarantar kuɗi, wai ba ruwansu da JAMB, a biya kawai a fara, shekara 2 a ba shi difloma. Ƙarshen wata zan kwashi adashi, kuma shi ke nan abin da na mallaka. Ya ake gane makarantar kirki? Me zan tanada ban da kuɗin makaranta?

Tsohon ɗalibin Poli, Tudun Wada: Wa alaikumus salam Mama, Allah Ya jiƙan mahaifinsu. Kada ki saki kuɗin nan tukuna. Akwai difloma, akwai ND, ba ɗaya ba ne. ND ita ce diflomar da aka amince da ita a faɗin ƙasa, ta hanyar JAMB ake shigarta, kuma ita ke ba yaro damar ci gaba: shekara 2 yana ND, shekara 1 ya fita sanin makamar aiki, ya dawo ya yi HND, wato babbar difloma, shekara 2, sannan bautar ƙasa. Hukumar da ke tantance irin waɗannan makarantu ita ce NBTE, kuma tana da ofis a nan Kaduna, kan titin Bida. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, kwas-kwas take tantancewa. Makaranta na iya samun izinin koyar da kwamfuta, ta buɗe sashen lantarki ba izini. Saboda haka tambayar da za a yi ita ce: wannan kwas ɗin na lantarki, a wannan makarantar, NBTE ta amince da shi? A duba a shafin hukumar, ko kawunsa ya taka da ƙafarsa ya tambaya.

Wata 'yar uwa daga Kawo: Yaya, ki ji maganar nan da kunnen basira, don a gidanmu aka yi. Ƙanena ya yi shekara 2 a wata makaranta mai irin wannan talla, sai da ya je neman HND aka ce takardarsa ba ta shiga. Har gobe abin yana ci mini rai, saboda na je makarantar tun farko, na ga ɗakin da suke kira wajen gwaji: inji ɗaya ne an lulluɓe shi da tamfol, ƙura ta yi masa kauri har ana iya rubutu da yatsa a kai. Na gani, na yi shiru. Ki je ranar karatu ba tare da sanarwa ba, ki ce a nuna miki inda yara ke taɓa kayan aiki. Ki ja ɗalibi ɗaya gefe ki tambaye shi sau nawa suka shiga a wannan zangon.

Wani malamin sakandare, Unguwar Sanusi: Hajiya, kan batun kuɗi: ban da rajista akwai kuɗin karɓar gurbi, allon zane da kayansa, rigar aiki, takalmin kariya, mitar gwada wuta, da kuɗin buga takardu da ba ya ƙarewa. Makarantar gwamnatin tarayya ta Remita ake biya, wato hanyar biyan kuɗi zuwa asusun gwamnati, duk wanda ya ba ki asusun kansa ya ce zai samo gurbi, ki guje shi. Sa'arku ɗaya, sashen injiniya yana babban harabar Tudun Wada ne, ba Unguwar Rimi ko Barnawa ba, daga gida zai riƙa zuwa, kuɗin Keke kawai za ki lissafa. Ya riƙa leƙa CAPS, wato wurin duba gurbin karatu a shafin JAMB, don sunaye ba rana ɗaya suke fitowa ba. Zai iya canza zaɓi zuwa Nuhu Bamalli a Zariya, amma can sai kin ƙara haya da abinci. In ya samu shiga, ya nemi bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024.

Mai gyaran lantarki, Panteka: Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma ɗaliban Poli suna zuwa mana koyon aiki, na san bambancin wanda ya taɓa waya da wanda ya gan ta a littafi. In bana ba ta yi ba, kada ya zauna a gida. A kai shi wajen oga mai amana ya koyi naɗin kwayil da haɗa wutar gida, da yamma ya yi bitar JAMB, ya sake zaunawa baɗi. Yaron da ya gyara fanka da kansa ba zai ba oga wahala ba.

Uwar yaron: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa kawunsa, ya ce ranar Litinin zai je titin Bida da takardar a hannu. Adashin zan ajiye shi tukuna. Malam na Panteka, in za a kawo shi, me ake ba oga na shiga, kuma ƙarfe nawa ake tashi da yamma?