Taƙaitawar ra'ayoyin 'yan'uwa kan ginshiƙan bangaskiyar ikilisiyar bishara

'Yan'uwa daga Garwa, Marwa da Ngaundare, a ƙasar Kamaru, sun yi doguwar magana a kan wannan batu, ga abin da na tattaro.

1. Kowa ya yarda Littafi Mai Tsarki, mai littattafai 66, shi ne ma'aunin koyarwa da hali, ko wa'azin fasto ma da shi ake auna shi.

2. Babu saɓani kan cewa Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kuma ceto alheri ne da ake samu ta wurin bangaskiya ga Yesu Almasihu, kamar yadda Afisawa 2:8-9 ta nuna. Wasu dattawa sun ja kunne cewa kada a fake da wannan a watsar da aikin kirki, domin mai bin da ke tauye mudu a kasuwa ya zubar da shaidarsa tun kafin ya buɗe baki.

3. A kan baftisma aka rabu. 'Yan ikilisiyoyin Luther, waɗanda suke da ƙarfi a Ngaundare da Garwa, suna yi wa jarirai, wasu kuwa sun dage sai mutum ya tuba ya furta da bakinsa. A ganina kowane ɓangare ya kawo ayoyinsa cikin ladabi.

4. Game da shelar bishara, yawanci sun ba da shawarar a yi ta cikin girmama maƙwabta Musulmi, a gaishe su ranar salla, a je musu ta'aziyya, a guji zagin abin da suke riƙe da shi.

5. An taɓo zancen baiko, wato abin da masu bi suke bayarwa a ikilisiya, amma ba a tsawaita ba.