Neman shawara: siririyar laftof mai RAM a liƙe, ko mai ɗan nauyi da za a iya ƙara wa?

Ɗalibar ƙididdiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana kwamfuta ku taimaka mini da shawara, kaina ya ɗaure. Ina karatun digiri na biyu a fannin ƙididdiga, ina kuma ɗan taɓa aikin lissafi a gefe. Laftof ɗina tana goye a bayana tun safe har yamma, ta haura kilo 2, ga cajarta ma nauyi ne da ita, har kafaɗata ta fara ciwo. Shi ya sa nake son canzawa.

Na ga guda biyu. Ta farko siririya ce, kilo 1.1, RAM ɗinta (wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi) 8GB. Ta biyu kilo 1.6, ita ma 8GB, amma an ce tana da gurbi biyu na ƙara RAM. Akwai irin ta farkon mai 16GB, sai dai kuɗinta ya fi abin da na tara, sai na ƙara jiran kamar wata uku. Mai sayarwa ya ce in ɗauki mai 8 kawai, in hali ya samu a ƙara mini. To amma a takardar bayaninta na ga an rubuta LPDDR5, wani abokin karatuna kuma ya ce irin wannan ba a ƙara masa komai. Wa zan yarda da shi? Aikina manyan fayilolin Excel ne da manhajar ƙididdiga ta R, sai Chrome da shafuka kusan ashirin a buɗe, da Zoom. Ina so ta yi mini shekara biyar.

Mai gyaran kwamfuta:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Abokin karatunki ya fi mai sayarwa gaskiya. Duk inda kika ga LP a gaban DDR, LPDDR4X ne ko LPDDR5 ko LPDDR5X, to ki ƙaddara cewa an liƙa ƙwayoyin RAM ɗin da dalma a jikin babban allon kwamfutar. Babu gurbi, babu abin cirewa. Wanda ake cirewa a saka sunansa SO-DIMM, ɗan allo ne mai tsawon yatsa, ana tura shi cikin gurbi a danna ya ce ƙas. Shi za ki ga an rubuta DDR4 ko DDR5 kawai, babu LP.

Ba ni cewa mai sayarwar ƙarya ya shirya miki. Da yawansu sun saba da tsofaffin laftof da kusan kowacce ake kwance murfin ƙasa a ƙara mata, sai su ɗauka har yanzu haka abin yake. Wasu kuma suna cakuɗa RAM da SSD. SSD shi ne ma'ajin fayiloli, kuma a siraran da yawa ana iya canza shi. RAM kuwa shi ne teburin da kwamfuta ke baza aikin da take yi a wannan lokacin. In teburin ya cika, sai ta riƙa kwashe wasu abubuwa tana jibgewa a SSD tana dawo da su, nan ne za ki ga kin danna shafi yana tunani kafin ya buɗe. Ko ki saka SSD mai girman duniya, teburin yana nan yadda yake.

Ki ce masa ya rubuta miki a rasit cewa ana ƙara mata RAM, in ba haka ba zai karɓi kayansa. Za ki ji amsar ta canza.

Matafiyi:
Ni dai zan ɗan kare mai liƙe, don na ga kamar ana nema a mayar da ita abin gudu. Ba mugunta kawai ta sa kamfanoni ke liƙawa ba. Ƙwayoyin LPDDR suna zama daf da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, hanyar da saƙo ke bi gajera ce, shi ya sa suke gudu fiye da na gurbi kuma suna shan wuta kaɗan, musamman lokacin da kwamfuta ke barci. A ma'aunin gudu, SO-DIMM na DDR5 da aka fi gani a laftof 4800 ko 5600 ne, LPDDR5X kuwa yana kai 7500, wasu ma 8533. Sannan gurbin da kansa yana cin wuri, wurin da za a iya ƙara girman batir ko a rage kauri.

Shekara uku ke nan ina riƙe da mai liƙe, 16GB. Rabin rayuwata a kan hanya nake, kuma sau da yawa ba na ɗaukar caja. Rabin kilo ba wasa ba ne ga mai ɗauka kullum, 'yar uwa, kuma ke da bakinki kika ce kafaɗa ta fara ciwo. Kada a tsorata ki da liƙewa. Abin tsoron shi ne 8 ɗin.

Malamin lissafi:
Malama, tunda kin ambaci R, a nan maganar take. R yana ɗora bayanan da kike aiki da su gaba ɗaya a cikin RAM, kuma sau da yawa in kin sarrafa wani tebur sai ya yi kwafinsa, kin ga abu ɗaya ya zama biyu. Fayil ɗin da kika gani ƙarami a ma'aji yana iya kumbura in ya shiga ciki. Ranar da wuri ya ƙare zai ce miki ya kasa samun inda zai ajiye, aikin ya tsaya cak. Na sha ganin ɗalibai a wannan hali daidai lokacin rubuta kundin kammala karatu. Windows 11 kanta tana cinye wani kaso mai tsoka tun kafin ki buɗe komai, ga Chrome da shafuka ashirin. Sannan siraran nan yawanci ba su da katin hoto na daban, daga cikin RAM ɗin dai ake yankar wa ɓangaren hoto nasa kason. Mai 8 a liƙe ba taki ba ce, ko da kyauta ce zan ce ki yi tunani.

Mai zanen gine-gine:
Ni abin da ya same ni zan faɗa, ba zan kama sunan kamfani ba. Siririyata tana da shekara biyu da 'yan watanni, garanti ya riga ya ƙare, ta fara kashe kanta tana nuna shuɗin allo. Aka gwada, aka ce ƙwayar RAM ɗaya ce ta lalace. Da mai gurbi ce, aikin minti goma ne, a zare a saka sabo. Amma da yake a liƙe take, sai dai a canza babban allon gaba ɗaya, da furosesa da komai, alhali lafiyarsu ƙalau. Na yi baƙin ciki ƙwarai, don allon kallonta da madannanta duk kamar sababbi. Na san ba kullum RAM ke lalacewa ba, yana cikin kayan da suka fi daɗewa. Amma ranar da ta faɗo a kanka babu daɗi. Tun daga nan mai gurbi nake saya, na haƙura da nauyin.

Sabon shiga:
Amma Oga mai gyara, na ga bidiyo ana cire ƙwayoyin da iska mai zafi ana liƙa manya. Ba za a iya yi mata haka ba daga baya?

Mai gyaran kwamfuta:
Ana yi, amma ba abin da za a gina saye a kansa ba ne. Ƙwayoyin nan ƙafafunsu ƙananan ƙwallayen dalma ne a ƙarƙashinsu, ɗaruruwa, ba a ganinsu da ido in an ɗora. Sai an samu ƙwayar da allon ya sani, wani lokacin sai an sauya wasu ƙananan kayan da ke gaya wa allon girman RAM ɗin, zafi kuma in ya yi yawa allon ya lanƙwashe. In ta yi, to. In ba ta yi ba, kwamfutar ta tafi. Akwai ma waɗanda RAM ɗin a jikin furosesa yake, kamar na Apple tun daga M1 a 2020, da Intel Core Ultra 200V na 2024 da ke zuwa da 16 ko 32GB. Waɗannan yadda ka saya haka za ka rayu da su.

Mai MacBook:
Ni MacBook Air mai 8GB nake amfani da ita kuma ban taɓa kuka ba. Tsarin Apple ya iya tattalin RAM.

Malamin lissafi:
Ya iya, ɗan uwa, ban musa ba, ga mai rubutu da kallo da intanet. Amma tattali ba ya ƙirƙiro wurin da babu. Apple ɗin da kansu tun Oktoba 2024 suka mayar da 16GB mafi ƙarancin abin da MacBook Air ke zuwa da shi. Microsoft ma, duk da cewa 4GB suka rubuta a matsayin mafi ƙarancin Windows 11, kwamfutocin da suke kira Copilot+ sai da 16 suka yarda. Wanda zai riƙe kwamfuta shekara biyar ya kamata ya lura da inda masu ƙerawar suka dosa.

Hajiya mai ofis:
'Yata, kada ki ɗauka zaɓi biyu ne kawai a duniya. Akwai na tsakiya. Wasu laftof ɗin ofis suna da rabi a liƙe, sannan gurbi ɗaya a buɗe, kamar ThinkPad T490. Tawa irin wannan tsarin ce, 8 a liƙe na ƙara 8. Akwai kuma Framework Laptop 13 da ta fito a 2021, gurbi biyu gare ta kuma nauyinta kusan kilo 1.3 ne, wato ba dole ba ne mai gurbi ta zama jibgegiya. Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne suna. ThinkPad T14 da T14s harafi ɗaya ya raba su, amma cikinsu ba ɗaya ba ne, kuma ko suna ɗaya ne, ta bana tana iya bambanta da ta bara. Ki karɓi cikakkiyar lambar samfurin, ki shiga shafin kamfanin ki karanta da idonki. Gani ya kori ji.

Mai gyaran kwamfuta:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Bari in ƙara abu biyu a kan mai gurbin, don ita ma tana da nata. Na farko, in ta zo da 8 guda ɗaya a gurbi ɗaya, saƙo tsakanin RAM da furosesa yana tafiya ne a kan layi ɗaya, sai kin cike ɗaya gurbin za ta samu layi biyu, kuma bambancin yana fitowa sosai a ɓangaren hoto. In kin haɗa 8 da 16 za ta yi aiki, amma 8 da 8 ko 16 da 16 ya fi daidaito. Na biyu, DDR4 da DDR5 ba sa shiga gurbin juna, na farko ƙafa 260, na biyu 262, tsagar ma ba wuri ɗaya take ba. Don haka tsohon RAM ɗinki ba lallai ya shiga sabuwar ba. Ki kuma duba iyakar abin da allon ke ɗauka.

Akwai sabon tsari da ake kira LPCAMM2, wanda LPDDR5X ne amma a kan ɗan faranti da ake ɗaurewa da sukurori, ana kwancewa a canza. ThinkPad P1 ta 2024 ta zo da shi. Wannan tsarin ne kaɗai inda za ki ga LP a laftof kuma a iya cirewa, amma ita P1 ɗin babbar injin aiki ce, ba irin da kike dubawa ba.

Kafin ki yanke hukunci ki yi wannan: ki buɗe duk abin da kike buɗewa a ranar aiki mai nauyi, R da babban fayil, Excel, Chrome, Zoom. Ki danna Ctrl da Shift da Esc tare, ki shiga Performance, ki zaɓi Memory, ki gaya mana nawa take ci. A nan ƙasa kuma yana nuna gurabe, sai dai kada ki dogara da shi ɗari bisa ɗari, wani lokacin yana lissafa ƙwayoyin da ke liƙe kamar gurabe ne.

Ɗalibar ƙididdiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na gwada yanzu. Tsohuwar tawa 12GB ce, kuma da na buɗe komai ta nuna 10.4 ana amfani da su. Wallahi ban taɓa sanin haka nake ci ba, da na sayi mai 8 da na koma baya ke nan da kuɗina. Na kuma koma na tambayi mai sayarwa ko zai rubuta a rasit, ya ce bari ya bincika, daga baya ya kira ya ce lallai a liƙe take. Yanzu saura tsakanin jiran mai 16 a liƙe, da ɗaukar mai gurbi yau. Zuciyata tana kan siririyar saboda kafaɗata, amma 10.4 ɗin nan ta tsorata ni. Shin 16 za ta kai ni shekara biyar?

Malamin lissafi:
Ya danganta da inda bincikenki ya dosa, Malama. In bayanan da za ki yi aiki da su nan gaba irin na yanzu ne, 16 za ta riƙe ki, da rage shafukan Chrome in kina babban lissafi. In kuwa kina shirin digiri na uku ko manyan bayanai masu layi miliyoyi, ni mai gurbi zan ɗauka, in kai ta 16 yanzu, in kai ta 32 ranar da buƙata ta zo. Ki tambayi mai duba aikinki girman bayanan da za ki riƙe, shi ya fi mu sani.

Matafiyi:
Ki kuma auna cajar, ba laftof kaɗai ba. In mai kilo 1.6 ɗin tana caji ta USB-C, ƙaramar caja mai wat 65 za ta wadatar da yawancin irinsu, kin ga kin riga kin sauke nauyi mai yawa daga abin da kike ɗauka yau.

Ɗalibar ƙididdiga:
Na duba, tana caji ta USB-C. Na yi wa malamina saƙo, ya ce bayanan zango mai zuwa sun ninka na yanzu wajen sau huɗu. To mai gurbin zan ɗauka in sha Allah. Yaya mai gyara, in ƙara 8 a kan 8 ɗin da ta zo da shi, ko in cire shi in saka 16 biyu tun yanzu?

Mai gyaran kwamfuta:
Tunda sau huɗu aka ce, kada ki sayi 8, za ki zo ki cire shi ne nan gaba. Ki saka 16 guda ɗaya kusa da 8 ɗin, ki samu 24 yanzu. In hali ya samu ki cire 8 ki saka wani 16 irin na farkon, ki riƙe kwalinsa don ki gane lambarsa. Ki tabbata takardar kamfanin ta ce tana ɗaukar 32, kuma duk wanda zai saka miki ya fara cire igiyar batir daga allon kafin ya taɓa gurbin.