Da ta BVN aka raba tallafin korona, da ya isa ga talaka?

Malam Sani: Ni har gobe ina kan bakana. Lokacin kullen 2020, da gwamnati ta bi BVN, wato lambar tantance masu asusun banki, ta tura wa kowa kuɗi a asusunsa, da ba a sha wuyar da aka sha ba. Naira dubu 20 ɗin nan da ma'aikatar jinƙai ƙarƙashin Sadiya Umar Farouq ta raba, kuɗin wata huɗu a dunƙule, sai wanda sunansa ke cikin rajistar talakawa. Gidaje miliyan 2.6 ke ciki, Buhari ya ce a ƙara miliyan ɗaya. A ƙasa mai mutum miliyan 200!

Hajiya Rabi: Haba Malam, wace BVN? Mai ƙosai, mai ga-ruwa, ɗan dako a Kantin Kwari, su nawa ke da asusun banki? Da an bi shawararka, ma'aikacin da albashinsa ke shigowa yana kwance a gida shi zai kwashe. Wanda sai ya fita yake ci, ko sisi.

Auwalu Tela: Hajiya, ni ina da asusu, kuma a bakin sallah aka rufe mu, yadin mutane jibge a shago. Rajistar ba ta san da zamana ba, don ba a ɗauke ni talaka ba. Irinmu ne aka bari a tsakiya.

Malam Sani: Ku dubi Togo. Shirin Novissi, ta waya aka riƙa biya, da katin zaɓe ake tantancewa, mata ma sun fi maza samu.

Hajiya Rabi: Katin zaɓe a Najeriya? Ai ka miƙa wa kansila wuƙa da nama ke nan.

Baba Iro: Yara, duk kuɗi kuke magana. A Kano cikin azumi aka kulle mu, kasuwa sai Litinin da Alhamis, mudun gero ya tashi. Ni hatsi na fi buƙata a lokacin.

Auwalu Tela: Baba, Allah ya ƙara girma, amma hatsin ina ya je? Ba mu ga rumbun Bukuru a Jos ba a watan Oktoba, jama'a har kan rufi suna fito da buhunan kayan tallafin korona? Wata shida bayan an fara kulle, abinci na nan a kulle shi ma.

Hajiya Rabi: Wannan kam ba musu. Amma Malam Sani bai amsa min ba: mai ƙosan da ba ta da asusu, ta ina nata zai shigo?