Sikirin da wufa a EOD, amma kar a gane an taɓa motar

Mai_EOD:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Ina da Honda Accord 2004, EOD dai, ina so in sa mata sikirin ɗin Android da kyamarar ribas sai wufa, wato babbar sifikar bas, guda ɗaya a but. Amma gaskiya ba na son irin aikin nan da za ka ga wayoyi na reto ko an yanka dashbod an liƙe da gam. Motata ta baya haka wani mai waya ya yi min, ya fafe robar da wuƙa ya cusa rediyon, gefe ɗaya ya zauna ɗayan kuma rami, kullum na shiga sai raina ya ɓaci. So nake duk wanda ya shigo ya ɗauka haka ta zo daga kamfani. Kuma ina ɗaukar kaya a but ɗin, ba zan iya ba akwati rabin wurin ba. A Kano nake.

Dan_Gareji:
Wa alaikumus salam. Malam kafin komai ka san EOD ba kamar Corolla ba ce, ita rediyonta da makunnan AC a fuska ɗaya suke, in aka zare rediyon kawai to AC ya tafi da shi. Hanya biyu ce. Ko ka bar na asalin a wurinsa a sa sabon a aljihun da ke ƙasa da firam ɗin da aka yi don haka, ko ka sayi sikirin mai inci 10 da aka ƙera wa Accord 2003 zuwa 2007 wanda ke zuwa da fuskarsa da makunnan AC ɗinsa. Nan ake tafka asara, akwai mai AC na gefe ɗaya akwai wanda direba da fasinja kowa ke saita nasa, ka ɗauki hoton naka ka nuna wa mai kayan kafin ka biya. Kuma ka kafe kan soket za a jona, kar kowa ya yanke maka wayar mota.

Abban_Hanifa:
Ni maganar but zan yi don na yi wa tawa. Ba akwatin kafinta mai kusurwa huɗu kake buƙata ba, na faiba za a zuba maka a lungun nan na bayan tayar baya. Ana rufe wurin da salatif da leda sosai, a shafa ruwan faiba a jera zaren, ya bushe a sake, haka haka har ya yi kaurin da ba ya lanƙwasa in ka danna, sai a ciro shi ya ɗauki siffar lungun daidai. Zoben da sifikar za ta zauna kuma da katakon MDF ake yanka shi, a ja ƙyalle daga zoben zuwa bakin faibar a jiƙe shi ya ƙame, sai fila da sanfefa. Wufa mai inci 10 ta ishe ka, ka duba takardarta ka ga lita nawa take so a rufaffen akwati, kar a yi da ka. Abin da ya fi ba ni wahala wallahi samun kafet mai launin na motar ne, sai da na je da guntunsa wajen masu ɗinkin kujerar mota muka gwada a rana, don a inuwa duk toka-toka iri ɗaya suke. Yanzu in na buɗe but sai na nuna wa mutum yake gani.

Injiniya_Zazzau:
Ƙari kaɗan. In za a buga maka wani ƙaramin firam da injin 3D, kar ka yarda da robar PLA, wajen digiri 60 take fara laushi, motar da ta wuni a ranar Afrilu a Kano kuwa dashbod ɗinta zai iya wuce haka. Robar ABS ko ASA za ka ce. Sifikun ƙofa ma zoben roba ya fi, MDF yana shan ruwa ya kumbura da damina. Sai fis na wayar wutar da za ta je amfilifayar wufar, lallai a sa shi kusa da batir kamar taku ɗaya da rabi, ba can wajen amfilifaya ba, in wayar ta goge a jikin ƙarfe shi ne zai hana gobara.

Mai_EOD:
Allah ya saka da alheri, na duba tawa mai AC biyun ce. To Abban Hanifa wa ke irin wannan aikin? Mai waya ko fanel bita?

Abban_Hanifa:
Mutum uku na haɗa ɗan uwa. Wanda ke gyaran bamba da faiba shi ya zuba, mai kujera ya lulluɓe, mai waya ya ja wayar ta ƙarƙashin kafet, ta wuta gefe ɗaya ta sauti ɗaya gefen saboda kar ka riƙa jin kukan inji a sifika. Ka leƙa kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ka nemo tsohon murfin lungun but na EOD a fara gwaji a kansa, naka na asali ka ajiye shi a gida saboda ranar da za ka sayar da motar.